Gwanintar Karanta Ƙafar Mai Ciwon Suga

A ɗakin duba masu ciwon suga, gwanar ma'aikaciyar jinya daga ƙasa take fara aiki. Kafin ta tambayi nawa sugan ya kai da safe, sai ka ji ta ce, "Baba, a taimaka a cire takalmi da safa." Tana da hujja. Ƙafa ce ta fi nisa da zuciya, saboda haka idan hanyoyin jini suka fara lalacewa, can alamar kan fito inda ido da hannu za su iya kaiwa.

Cikin kowace jijiyar jini akwai siririn shimfiɗi mai santsi, wanda ke fitar da sinadarin naitirik oksayid. Shi ke sa jijiya ta saki, shi kuma ke hana ƙwayoyin daskarar da jini, wato filatilet, manne wa juna ba dalili. Ɓargo ne ke samar da waɗannan ƙwayoyi. Lafiyayyen mutum na da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita ta jini, kowace ƙwaya kuma kwana 7 zuwa 10 take yi. Aikinsu toshe rauni. Amma idan suga ya shekara da shekaru yana sama, shimfiɗin nan ya kan yi kaushi, sinadarin ya ragu, ƙwayoyin su ƙara girma da saurin ɗanko. Sai su taru a kan kitsen da ya riga ya ƙuntata hanya, gudan jini ya tsaya, ya kuma yi wuyar narkewa. A zuciya wannan bugun zuciya ne, a ƙwaƙwalwa shanyewar ɓarin jiki, a ƙafa kuwa gyambon da ke ƙin warkewa.

Duk wannan ma'aikaciyar jinyar ta san shi, kuma da yatsunta take nemansa. Da bayan hannu take jin ɗumin ƙafafun biyu, ta gwada wannan da waccan. Sannan ta ɗora yatsu a gadon ƙafa, ta koma bayan idon sawu ta ciki, tana neman bugun jini. Ba ta sa babban yatsa, don kada ta ji nata bugun ta ɗauka na mara lafiya ne. Ba ta kuma dannawa da ƙarfi, domin rarraunan bugu ɓacewa yake yi da an matsa. Wannan sassaucin hannu shi ya fi burge ni, don sai an taɓa ƙafafu masu yawa ake samunsa. Tana kula da fatar da ta yi sheƙi, da gashin yatsu da ya zube. Ta kan tambaya, "Idan kun taka zuwa masallaci, sha-raɓa na yin ciwo, ya lafa da kun tsaya?"

Daga nan ta ɗauko wani zaren nailan da ke lanƙwashewa a nauyin giram 10, ta ce a rufe ido, ta riƙa taɓa tafin ƙafa. Wanda bai ji ba, ƙusa ma za ta iya shigarsa bai sani ba. Inda akwai na'urar Doppler, a kan kwatanta ƙarfin jinin idon sawu da na hannu. Idan an raba na idon sawu da na hannu, ƙasa da 0.9 alamar toshewa ce. Sai dai gwana ba ta sakin jiki da babban adadi, domin jijiyar mai suga kan sandare, awo ya haura 1.4 alhali jinin da ke wucewa kaɗan ne.

Har cikin takalmin take zura hannu ta lalubo tsakuwa ko ɗinkin da ke gugar fata. Ta ja kunne a tsane tsakanin yatsu bayan alwala, a shafa wa faso mai, kada a kanga ƙafa a kaskon wuta lokacin hunturu, kada kuma a fara shan asfirin sai likita ya rubuta, don yana iya jawo zubar jini.

Idan akwai mai ciwon suga a gidanku, ku kai shi a duba masa ƙafa aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da bai ce tana masa ciwo ba.