Farin Faranti, Miya Lami

Kano ba ta da teku, don haka ba mu da irin wuraren shaƙatawar nan na gaɓar Zanzibar ko Mombasa, inda baƙo ke cin kifin da aka kamo da asuba, an dafa shi da madarar kwakwa. Abin da muke da shi a madadinsu shi ne manyan otel-otel na Nassarawa da Bompai, masu wurin ninkaya da furanni. A nan ake sauke baƙin da suka zo harka da masana'antun Sharada da Challawa, kuma sau da yawa a teburinsu baƙo ke fara ɗanɗana Kano.

Bara kawuna ya sa na raka wasu abokan cinikinsa 'yan Legas cin abincin dare a ɗaya daga cikinsu. Ba zan tauye wa wurin haƙƙinsa ba: akwai tsabta, ma'aikatan kuma na da ladabi. Amma da baƙin suka nemi abincin gari, sai muka tarar da tuwon shinkafa a can ƙarshen layi, bayan soyayyiyar shinkafa da taliyar Turawa, fatarsa ta bushe don daɗewa a kan wuta. Miyar kukar ba ta san daddawa ba, dunƙule kawai aka tula mata. Na tambayi mai kawo abincin ko kifin na ina ne. Ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce, "Yallaɓai, na ƙanƙara ne."

Wannan amsa ta fi miyar ci mini rai. An kammala madatsar ruwan Tiga tun 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma har yau masunta na fito da tarwaɗa da karfasa daga cikinta. Ruwanta ne ke shayar da shinkafar Kura da tumatirin Kadawa. Kasuwar 'Yankaba, mai kayan miya ɗanye shar, tana nan cikin ƙaramar hukumar Nassarawa. To, me ya hana? A ganina ba rashin kaya ba ne, raini ne. An ɗauka cewa abinci ba ya zama na alfarma sai ya zo da sunan da mai ci ba zai iya faɗa ba. Shi ya sa ake horar da kuku ya kwaikwayi girkin da bai taso da shi ba, a bar wanda ya gada ba kulawa. Kuɗin da aka caje mu na sanyin ɗaki ne da farin ƙyalle.

Hujjata tana kusa. Gidajen abincin Kwarori na wannan yanki sun yi suna, domin masu su girkin iyayensu suke yi, ba sa kuma jin kunyarsa.

Washegari na kai baƙin bakin wata masana'anta a Bompai, inda wata dattijuwa ke tsamo ɗanwake daga tafasasshen ruwa, tana zuba masa man gyaɗa da yaji. Babban cikinsu ya cinye, ya miƙa kwano aka ƙara masa, sannan ya tambaye ni dalilin da ya sa bai ga wannan a otel ba. Na rasa abin da zan ce masa.