Masu Zana Abin da Baki Ya Ƙi Faɗa

Masu zanen manga, wato labaran Japan da ake bayarwa cikin zane, sun cancanci jinjina, musamman waɗanda ke fito da soyayyar ƙuruciya mai ɓuya a bayan zolaya. Soichiro Yamamoto ya shafe shekara goma, daga 2013 zuwa 2023, yana zana labarin Takagi, ɗalibar da kullum take tsokanar Nishikata, maƙwabcinta a aji, alhali abin da ke ranta daban ne. Wahalar aikin tana wajen raba wasa da cin zali, domin ɗan karkata layin ido ko leɓe kan mayar da murmushi wulaƙanci, kuma mai zanen ne kaɗai ya san yawan fuskokin da ya goge. Ba don wannan haƙurin ba, da mugunta kawai mai karatu zai gani.