Jinjina ga Masu Kula da Mai Jego

Daga Damana har Filinge, duk macen da ta tashi daga jego da ƙarfinta, akwai hannuwan da suka tallafe ta. Ungozoma da uwa da kaka ne ke hura wuta tun asuba, su dama kunu, su karɓi jinjiri ta samu barci, su hana ta ɗaukar tulu sai an yi arba'in, su raka ta asibiti. Misali, 'yar tsere Faith Kipyegon ta Kenya ta haihu a 2018, ta koma atisaye sannu a hankali, ta ci zinaren gudun mita 1,500 a Tokyo a 2021. Jikin da aka ba hutu da kulawa yakan dawo. Iyayenmu mata na wannan yanki, Allah ya saka muku da alheri. Magidanta, ku kama musu.