Jinjina ga Masu Bin Salsalar Manoman Nebraska

A 1862 Amurka ta kafa dokar da ta ba mutum eka 160 muddin ya zauna ya noma filin shekara 5. Iyalai daga Jamus da Suwidin suka kwararo filayen ciyawa na Nebraska, ƙasar da aka raba 'yan asalinta da ita. Itace ya yi ƙaranci, sai suka gina ɗakuna da ƙasa mai saiwar ciyawa.

Masu bin salsala ne suka hana labarinsu ɓacewa. Suna tona takardun mallakar fili da rajistar coci, su kankare dutsen kabari don karanta shekara, su gyara sunan da magatakarda ya karkatar. Albarkacinsu jika ke gane gonar da kakansa ya sara.