Masu Karanta Ɗan Tayi

A tsangayar koyar da likitancin dabbobi, ko ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko ta Sakkwato ko ta Maiduguri, akwai darasin da ɗalibi ke cin karo da shi tun kafin a bar shi ya taɓa dabba mara lafiya: yadda ɗan tayi ke ginuwa a mahaifa, daga ƙwai ɗaya har ya zama maraƙi. Ƙwan nan ƙanƙane ne ƙwarai, shi ya sa sai a 1827 Karl Ernst von Baer ya fara gano shi, a jikin karya.

Kwanakin ciki ba su da wuyar haddacewa. Tunkiya da akuya wata biyar, saniya wata tara da 'yan kwanaki, goɗiya goma sha ɗaya, taguwa kusan goma sha uku. Makiyayi ma ya san wannan. Gwanintar tana wani wuri dabam.

Ana ɗaukar ɗan tayin da bai fi ƙwayar wake ba, a daskarar da shi cikin kaki, a yayyanka shi siriri fiye da takarda, a rina, a jera a kan gilashi. Ɗalibi ya duba ta madubin ƙara girma, ba ya ganin kai ko ƙafa, sai da'irori da ramuka. Kamar a ba ka yankakkiyar kuɓewa ne a ce ka faɗi siffarta kafin wuƙa ta hau ta. Dole ya bi yanka bayan yanka, yana harhaɗa jikin a cikin kansa, har ya gane cewa ramin nan zuciya ce, tana nan tamkar bututun da ya fara lanƙwashewa. Sannan ya faɗi yadda take jiya da yadda za ta koma gobe. Wannan na ƙarshen shi ya fi burge ni: mutum yana kallon abin da ba ya motsi, amma yana karanta tafiyar lokaci a cikinsa. Wanda idonsa ya faɗa, in aka kawo masa ɗan tayi daga kwata, ya auna tsawonsa daga ƙoƙon kai zuwa gindin wutsiya, ya duba ko gashi ya fara tsirowa, zai gaya maka watannin cikin.

Amfanin duk wannan a garke yake bayyana. Ɗauki dakashi. Mabiyiyar saniya ba ta barin sinadaran garkuwar jikin uwa su ratsa zuwa ga ɗan da ke ciki, saɓanin ta ɗan Adam. Saboda haka maraƙi na faɗowa duniya ba kariya, kuma hanjinsa na iya tsotse garkuwar daga dakashi ne a yinin farko kaɗai. Likitan da ya san ginin mabiyiya, in ya ce a hanzarta ba maraƙi nonon farko, ya san dalilin gaggawar. Haka in an haifi ɗan akuya ba kafar bayan gida, ya san wata 'yar tantani ce da ya kamata ta ɓule tun a ciki ba ta ɓule ba, kuma sau da yawa ƙaramin aiki ke gyara ta.

Sai batun tagwayen saniya, mace da namiji. Masu kiwo sun daɗe da lura cewa macen kan tashi juya. A 1916 Frank Lillie, wanda ya riƙa samo mahaifun shanu daga mayankar birnin Shikago a Amurka, ya bayyana dalili: jijiyoyin jinin mabiyiyar tagwayen na haɗewa, sai sinadaran namijin su shiga jikin macen su hana gaɓoɓinta na haihuwa cika. Kusan tara cikin goma na irin wannan karsana ba sa ɗaukar ciki. Likitan da ya yi wannan karatu da gaske zai duba 'yar maraƙar tun tana ƙarama, ya ce wa mai ita, "Ardo, wannan kiwata ta don nama, kada ka zauna jiran ta haihu." Da wannan magana ya hutar da mutumin ciyarwar shekara uku ko huɗu a kan saniyar da ba za ta ba shi ɗa ko nono ba.