Ruwan Bagre Da Buhun Shinkafa: Gyara Kayanka Ga Masu Agaji, Da Mu Kanmu

  

'Yan'uwa masallata da ɗalibanmu na makaranta, duk mai sauraron rediyo a Tamale ya san wata sanarwa da ke dawowa kusan kowace damina. Idan Agusta ya yi nisa ko Satumba ya kama, sai a ji cewa hukumomin Burkina Faso za su buɗe dam ɗin Bagre, mutanen bakin kogi su tashi su koma tudu. Bayan 'yan makonni sai labari na biyu ya biyo: gonakin masara da shinkafa sun nutse, ɗakunan ƙasa sun zube, an yi jana'izar wane da wane. Sai na uku: manya sun iso da motoci, an jera buhunan shinkafa da katifu da bokitai, an ɗauki hoto. Daga nan shiru, sai baɗi.

Wannan zagaye shi muke so mu duba a wannan fitowa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma a cikin kayan da za mu ce a gyara har da namu.

Wani zai ce, ina ruwan Jisonayili da kogin da ba ya bi ta ƙofar gidanmu? Ai da ruwanmu, har da tsaki. Ruwan famfon da muke alwala da shi daga Nawuni ake janyo shi, a tace shi a Dalun, kuma Nawuni a bakin wannan kogi take. Masarar da uwargida ke aunowa a kasuwar Aboabo, wani kaso nata daga waɗancan gonaki yake fitowa. Idan sun nutse, mu ma a kwano za mu gani. Ga kuma ɗalibai a makarantarmu da iyayensu ke zaune a ƙauyukan bakin ruwa.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Dam ɗin Bagre yana kan Farin Volta, kogin da mutanen Burkina ke kira Nakambe. An gama gina shi a 1992, kuma kamfanin lantarki na ƙasar, SONABEL, shi ke kula da shi. Idan ruwa ya kai tsayin mita 235 a ma'auninsu, dole su buɗe ƙofofi, don in bangon ya fashe abin da zai faru ya wuce a faɗa. Ruwan da aka saki yakan shigo Gana ta wajen Bawku, ya bi ta Pwalugu, ya gangaro Nawuni da Daboya da Yapei, kafin ya faɗa tafkin Volta.

To, ga gyara na farko. Mun saba ɗora laifin gaba ɗaya a kan maƙwabta: wai Burkina ta sako mana ruwa. Maganar tana da daɗin faɗa, don tana wanke kowa a nan gida. Amma lokacin da Bagre ke cika shi ne lokacin da namu ruwan saman ya fi ƙarfi. Ƙasa ta riga ta ƙoshi, kuma Jan Volta da Sissili da Kulpawn da Nasia, waɗanda duk a Farin Volta suke zuba, sun riga sun tumbatsa. Ruwan Bagre ƙari ne a kan tulun da ya cika. Wanda ya tsaya a kan zagin maƙwabci ba zai tambayi abin da shi ya kamata ya tanada ba.

Adalci kuma ya sa mu faɗi abin da aka yi daidai. Manyanmu ba su manta da 2007 ba, shekarar da fari ya fara ƙona shuka, sannan ambaliya ta zo ta kwashe abin da ya rage. Ta shafi mutum fiye da 300,000 a arewacin ƙasar nan, har Shugaba Kufuor ya ayyana jihohin arewa uku na wancan lokaci a matsayin yankin bala'i. A watan Janairun wannan shekarar ne ƙasashe shida da ke shan ruwan Volta, wato Gana, Burkina Faso, Togo, Benin, Mali da Kodebuwa, suka sa hannu a Wagadugu kan yarjejeniyar kafa hukumar kula da kogin tare. A gida kuma muna da NADMO, hukumar kula da bala'o'i, wadda aka kafa da doka a 1996, aka sabunta dokar a 2016, tana da ofisoshi tun daga Ankara har gundumomi. Yau takardar gargaɗi takan iso daga Burkina kafin a buɗe ƙofa, kuma akwai ma'aikata da sojoji da 'yan Red Cross da ke shiga kwalekwale su ceto mutanen da ba su taɓa gani ba. Allah Ya saka musu da alheri. Wannan hanya ta magana tsakanin ƙasashen biyu ta ƙara zama abin riƙewa da kyau tun da Burkina Faso da Mali da Nijar suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don kogi bai san wace ƙungiya ƙasa take ciki ba.

Duk da haka, a Satumban 2018 an sake rasa rayuka fiye da 30 a arewa, alhali an yi gargaɗi. A ina igiyar take tsinkewa?

A ganinmu tana tsinkewa a zangon ƙarshe. Takarda takan taso daga Wagadugu da Faransanci, ta zama Turanci a Ankara, ta sauko Tamale da Bolgatanga, ta shiga ofishin gunduma. Duk wannan tafiya tsakanin tebur da tebur ce. Abin da ke isa kunnen manomi shi ne jimla ɗaya: a koma tudu. Wane tudun? A ɗakin wa zai kwana da mata da yara? Wa zai ɗaukar masa awaki? Masarar da saura mako biyu ta nuna fa, ya bar ta? Mutumin nan bai zauna a bakin kogi don taurin kai ba; ƙasar wurin ce ke ba da amfani ko ba taki mai yawa. Shi ya sa sau da dama ake jin wanda ya rasu ya koma gona ne cikin kwalekwale don ya tsamo abin da zai ci da iyali. Gargaɗin da bai zo da wurin kwana da abin hawa ba, rabin gargaɗi ne.

Gyara na uku shi ne kuɗinmu da hankalinmu sun fi son zuwa bayan ɓarna. Buhun shinkafa ana ganin sa, ana ɗaukar hotonsa. Aikin da ya hana ruwa shiga gida ba mai tafa masa. Dubi Pwalugu. Tun shekarun 1960 ake maganar gina dam a can wanda zai tare ruwan da ke gangarowa, ya ba da lantarki, a yi noman rani da shi. A Nuwamban 2019 Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da aikin, aka ce zai ci dala miliyan 993. Har ranar da muke wannan rubutu babu bango a kan kogin. Ba siyasa muke yi ba, jam'iyyu sun yi ta karɓar mulki daga juna a kan wannan alkawari. Tambayarmu kawai ita ce: sau nawa za a sayi katifa ga gida ɗaya kafin a ga rigakafi ya fi araha?

Sai maganar rabo. Duk inda aka raba kaya ba tare da rubutaccen jerin sunaye da kowa ya yarda da shi ba, ƙorafi ne zai biyo: an ba na kusa da titi, an ba mai baki, an tsallake gwauruwar da ba ta iya turereniya. Ko da mai rabon ya yi gaskiya, rashin rubutu ya isa ya jawo masa zargi.

A nan fa sai mu sunkuyar da kai, don laifi tudu ne. Wata shekara bayan ambaliya an yi sanarwa a masallacinmu ranar Juma'a, jama'a suka yi ƙoƙari ƙwarai: kuɗi, tufafi, masara, sabulu. Muka cika motokin, muka nufi ƙauyen da muka ji sunansa a rediyo. Da muka isa sai muka tarar wasu masallatai biyu sun riga mu, da kaya irin namu sak. Wani dattijo ya yi mana godiya, sannan ya nuna ƙetaren ruwa ya ce, "Malamai, Allah Ya ba da lada, amma 'yan'uwanmu na can kwana huɗu ke nan ba wanda ya leƙa su." Ba mu tambayi kowa ba kafin mu tashi. Ba mu kira ofishin gunduma ba, ba mu kira limaman da ke maƙwabtaka da mu ba. Rabin tufafin ma tsummokara ne da mu kanmu ba za mu sa wa 'ya'yanmu ba, kuma abin da matan wurin suka fi nema gidan sauro ne da maganin tace ruwa. Niyya ta yi kyau, aiki ya gurgunce. Ga shi kuma a cikin unguwa, mu ne ke cusa ledar ruwa da shara a kwalbati, mu ne ke sayen fili a kan hanyar ruwa, sannan in ruwa ya shigo ɗaki mu ce ƙaddara.

Ɗalibai, ku da kuke karanta tarihin Halifofi, ku tuna Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin da fari ya kama Hijaz har ƙauyawa suka yi ta kwararowa Madina. Mukan tsaya a kan cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya hana kansa nama da man shanu har sai talakawa sun samu. Gaskiya ne, amma ku dubi sauran aikin. Ya rubuta wa gwamnoninsa na wasu yankuna su turo abinci, Abu Ubaida ya iso daga Sham da ayarin raƙuma. Ya naɗa mutane a kan sassan Madina, kowa da ɓangarensa, suna dawowa da yamma su ba shi rahoto. Ya sa an ƙirga masu ci a wurinsa da waɗanda ake kai wa har masauki, marasa lafiya da yara. Ya jinkirta karɓar zakka a shekarar. Bayan an buɗe Masar kuma, ya sa Amru ɗan Asi ya sake haƙa tsohuwar hanyar ruwa daga Nilu zuwa Bahar Maliya, don abinci ya riƙa isa Hijaz ta jirgi. Kun ga haɗin kai tsakanin yankuna, ga rabon aiki, ga ƙidaya, ga tanadin gobe. Tsarin agaji ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo mana. Mu ne muka riƙe tausayin muka saki tsarin.

Saboda haka ga abin da muke gani. Ga hukumomi: babu wani gini a ƙauyen bakin kogi da ke tara jama'a sau biyar a yini kamar masallaci, kuma lasifikarsa tana kaiwa inda takardar ofis ba ta kaiwa. A sa limamai da sarakuna da shugabannin mata da fastoci a cikin shiri tun watan Yuni, a ba su sanarwa da Dagbanli da Mampruli da Gonja da Hausa, a faɗa musu sunan makarantar da za a kwana da ranar da mota za ta zo. Kiran su ranar rabo don su yi addu'ar buɗe taro bai wadatar ba.

Ga mu kanmu: kada wani motokin ya sake barin ƙofar masallacin nan sai an kira ofishin NADMO na gundumar da za a je, an tambayi ina ne ba a kai ba kuma me ake bukata. Masallatan Jisonayili da kewaye su zauna kafin damina, su buɗe littafi ɗaya da asusu ɗaya, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a. Idan an je rabo kuma, ruwa bai tambayi addinin kowa ba lokacin da ya shiga gidansa, mu ma kada mu tambaya. Kyamara ta zauna a aljihu. Wanda ruwa ya tsiraita ba ya bukatar mu ƙara tsiraita shi a WhatsApp.

Ku kuma matasa, ku sani wannan fage aiki ne da ake koyo. Yana bukatar mai iya rubuta sunaye ba ha'inci, mai iya taimakon gaggawa, mai iya iyo, mai karanta ma'aunin kogi, da mai jin Faransanci wanda zai ɗaga waya ya yi magana da na Bagre kai tsaye. Red Cross na horar da masu sa kai, NADMO ma tana da ƙungiyoyin sa kai a unguwanni. Wanda ya haɗa wannan da tsoron Allah da amanar da ake koya masa a nan, shi ne mutumin da ake nema ranar da ruwa ya taso. Mai sha'awa ya ga sakataren ƙungiya bayan sallar Isha'i, kafin hadarin bana ya haɗu.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafi alheri, Ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.