Richard Attenborough: Gwanin Ba Da Labarin Wasu, Amma Da Sauran Magana



Na san wani zai ce, me ya haɗa liman da zancen fim? To, daren Asabar bayan mun rufe shago, ɗana ya kunna mana fim ɗin Gandhi, na zauna har ƙarshe, awa uku da 'yan mintuna. Rabona da shi tun ina saurayi. Shi ne na ce bari in yi magana kan wanda ya shirya shi, Richard Attenborough, don yaranmu yanzu a fim suke ɗaukar tarihi.

An haife shi a Cambridge ta Ingila a 1923, ya tashi a Leicester inda mahaifinsa ke shugabantar kwaleji. A 1939 iyayensa suka karɓi 'yan mata biyu Yahudawa da suka tsero daga Jamus, suka riƙe su kamar 'ya'yan cikinsu. Ina ganin a nan ya tsotsi ƙin zalunci. Ya fara fitowa a fim a 1942, ya yi suna a Brighton Rock inda ya fito a ɗan daba mara imani, sai The Great Escape a 1963. Daga 1969 ya fara ba da umarni. Yaran yanzu sun fi saninsa da tsohon nan mai farin gemu na Jurassic Park. Ya rasu a 2014 yana da shekara 90.

Gandhi shi ne aikin rayuwarsa. Tun 1962 yake neman kuɗin yin sa, kamfanoni suna korarsa, sai a 1982 fim ɗin ya fito. Shekara ashirin ke nan. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa yawon neman jari ya san wannan haƙuri ba wasa ba ne. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar guda 8, har da ta gwarzon darakta.

Abin yabo a yaba. Mutumin nan Bature ne ɗan Ingila, amma bai rufa wa ƙasarsa asiri ba. Ya nuna yadda Janar Dyer ya sa sojoji suka buɗe wa mutanen da ba su da makami wuta a Amritsar a 1919. Wurin da ya fi taɓa ni kuwa shi ne rikicin Calcutta. Wani ɗan Hindu ya zo wa Gandhi a gigice, ya ce ya kashe yaro Musulmi saboda an kashe masa ɗa. Gandhi ya ce masa ya nemi marayan Musulmi ya riƙe, kuma ya tarbiyyantar da shi a kan Musulunci. Mu da muke zaune cikin wasu ƙabilu, muka kuma san yadda faɗan mutum biyu a kasuwa kan zama gobara, wannan wurin kaɗai ya isa a zauna a kalla.

Amma fa da sauran magana. Dubi yadda ya nuna Muhammad Ali Jinnah, wanda ya jagoranci kafa Pakistan. Kullum fuska a murtuke, kamar mutumin da ba ya son zaman lafiya. Ba a ba shi isasshen fili ya faɗi fargabar Musulmin Indiya ta zama 'yan tsiraru ba. Mutum zai iya saɓa wa Jinnah, amma ai alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowa. Kuma mu sani, hukumar fina-finan gwamnatin Indiya ta sa kuɗi mai yawa a aikin. Mai kuɗi kuwa, ko bai yi magana ba ana jin muryarsa. Shi ma Ambedkar, jagoran ƙasƙantattun Indiya wanda ya yi jayayya da Gandhi sosai, ko inuwarsa ba a gani ba.

Haka aka sake yi a Cry Freedom na 1987. An ce labarin Steve Biko ne, wanda ya mutu a hannun 'yan sandan wariyar launin fata a 1977. Denzel Washington ya yi ƙoƙari matuƙa. Sai ga shi tun tsakiyar fim Biko ya mutu, ragowar duk ta koma kan yadda abokinsa Bature ɗan jarida, Donald Woods, ya tsere da iyalinsa. Wato mai gida ya koma baƙo a ɗakinsa.

Hukuncina shi ne, Attenborough mutum ne mai kyakkyawar niyya da ƙwarewa, amma idan ya so gwarzo, sai ya rage hasken duk wanda ke gefensa. Don haka ban ce a hana yara kallo ba. Ku zauna tare da su, in an gama ku tambaye su: wa aka bari ya yi magana, wa aka rufe wa baki? Wanda ya iya wannan tambaya a gaban talabijin, zai iya ta ranar da aka kawo masa jita-jita a bakin kasuwa.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.